Sunan Ɗan Fari

Fourera na cikin gugar rigar wasa wayarta ta yi ƙara. Ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, ba ta ko ɗaga dutsen gugar ba.

"Kamyon ya mutu mini," in ji mijinta Seydou, direban babbar mota, muryarsa na fitowa haɗe da ƙugin motoci. "Ina gefen hanya a Virginia, ina jiran makanike. Ko yanzu ya zo, ba zan iso kafin la'asar ba."

"To wasan fa? Kai ne mai kira."

"Na sani, wallahi na sani. Ke ki kira shi mana."

"Ni?" Ta saci kallon falo, inda surukarta Hajiya Sa'adiya ke zaune kan darduma tana jan carbi. Ta rage murya. "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Ga Inna a gidan."

"Fourera, nan fa ba Damagaram ba ce."

"Ai Damagaram ɗin ce ta zo ta zauna mana a falo," ta ce, ta kashe wayar.

Ta juya rigar. Shuɗiya ce, an rubuta sunan mai ita da manyan baƙaƙe farare a gadon baya: Abdoul-Aziz. Ta bi rubutun da dutsen guga a hankali, kamar yadda take yi kowace Asabar. Shekara goma sha ɗaya da raɗa wa yaron sunan nan, bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan farinta ne, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "yayan Dalila". Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, ba wanda ya taɓa cewa ba sa son 'ya'yansu.

Bakwaini aka haife shi, a nan Greensboro. Ya rayu bayan likitoci sun gama girgiza kai, amma idanunsa ba su rayu tare da shi ba, ƙafarsa ta hagu kuma sai ya ja ta. Abin da Allah ya rage masa a ido ya ƙara masa a kunne. Yana gane motar ubansa tun tana kwanar Gate City Boulevard, Hausarsa kuwa ta fi ta duk yaran unguwar, har da karin Damagaram ɗin da bai taɓa taka ƙasarta ba.

Bara wata maƙwabciyarsu, Adizatu, ta ja su zuwa wasan besbol da ake shirya wa yara irinsa, masu keken guragu da masu sanda da waɗanda fahimta ke zo musu a hankali. Yaro ya doki ƙwallo da sanda, ya zagaya tasha uku, ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. Ba a korar kowa, ba mai faɗuwa, kowane yaro da babban da ke tafiya kusa da shi. Da farko Fourera ta ɗauka shiririta ce irin ta Amurka. Wasan da ba a cin kowa, ina amfaninsa? Sai da ta ga yaron ya fara tashi da asuba ranar Asabar ba tare da an tashe shi ba, sannan ta yi shiru.

Yau ne wasan ƙarshe na bana, kuma Abdoul-Aziz ya roƙi koci, mai horar da su, abu ɗaya. Daga tasha ta uku zuwa gida yana so ya tafi shi kaɗai, ba hannun kowa a jikinsa. Mutum ɗaya zai tsaya a gida yana kiran sunansa, shi kuma ya bi muryar. Shi da ubansa sun yi ta gwadawa a filin ajiye motoci na bayan gidansu, har gwiwoyin wandunansa suka ƙare.

Seydou ya daɗe da yar da al'adar, kuma ya sha faɗa a kanta. Ranar da Hajiya ta sauka daga jirgi ta ji ya ƙwala wa yaron kira, sai ta ajiye kofin shayi ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe har kunyar ma Amurka ta cinye maka?" Shi ma ɗan farinta ne, ga furfura ta fara fito masa, har yau "uban yaran nan" take ce masa. Ta juya ga Fourera ta ce, "Ke kaɗai kika rage mini a gidan nan. In na koma zan faɗa wa mutanenku ba su yi asarar tarbiyya ba." Fourera ta ji daɗin maganar nan, ba ƙarami ba. Macen da ta rasa uwa tana ƙarama ba ta raina yabon tsohuwa.

Suka fita. Hajiya a gaba ta naɗe cikin mayafi, yara a baya. Sai da suka fara ajiye ƙaramar a makarantar allo ta masallaci.

Fourera ta leƙo ta taga. "Dalila, jakarki! Dalila, ki gyara hijabin nan. Dalila, kada in ji an ce kin yi surutu!"

Motar ta ɗauki hanyar Summerfield. Abdoul-Aziz na riƙe da hular wasa a kan cinyarsa. Can ya ce, "Baba ba zai zo ba. Na ji ku."

"Anti Adizatu za ta kira ka. Ai muryarta ta fi ta Baba ƙarfi," in ji Fourera.

Sai ya juya harshe zuwa Turanci, abin da yake yi in ba ya so kakarsa ta ji. "Malika ta tambaye ni ko mamata ba ta san sunana ba."

Malika 'yar ƙungiyarsu ce, irin yaran da duk abin da ya zo musu zuciya sai ya fito baki. Uwarta kuwa tun daga fara wasa har a tashi ihun sunan 'yarta take yi, har riga ta buga da hotonta.

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta sani. Ba ta dai so mutane su san ni nata ne."

Fourera ta damƙe sitiyari gam. Ta taɓa yi masa bayanin al'adar yana ƙarami, ya ce to, ta ɗauka magana ta ƙare. Ashe ajiyewa ya yi yana aunawa da kunnensa, yana jin sunan ƙanwarsa safe da yamma.

"Me mijin nawa ke cewa?" in ji Hajiya, don haka take tsokanar jikanta. "Ko kishiya zai yi mini da Turanci?"

"Zancen wasa ne, Inna."

Hajiya ta dubi hannayen Fourera a kan sitiyari, ta dubi yaron ta madubi, ta ci gaba da jan carbinta.

Filin ya cika kafin su iso. An shimfiɗe shi da roba mai laushi don kekuna su gudu, wanda ya faɗi kuma kada ya ji ciwo. Ƙamshin gasasshen nama na tashi daga wata rumfa, lasifika na kiɗa, iyaye sun baje kujeru da lema. Adizatu ta hango su ta taho da sauri. Ita ce maƙwabciyar da ta fara kawo su, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi, kuma ita ke riƙe gwiwar hannun Abdoul-Aziz a kowane wasa. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta tura yaron wurin 'yan ƙungiyarsu, sannan ta ji labarin kamyon.

"Ei! Yau ɗin nan? To ai ga uwa."

"Adizatu, ke ma kin san ba zai yiwu ba."

"Na sani paa, sarai na sani. Kakata ma haka ta yi da babana. Ni dai na sayar da tawa kunyar a Kumasi na cika kuɗin jirgi." Ta yi dariya, amma da ta ga fuskar Fourera sai ta daina. "Shi ke nan, zan kira shi. Amma yaron nan naki kansa tauri gare shi, ban san inda ya gado ba."

Fourera ta kai Hajiya can ƙarshen benci na sama, inda ta saba zama. Ta san abin da sauran iyayen ke gani in sun waiwayo: mace mai ɗaure fuska, ba tafi, ba ihu. Ba su san ba ta taɓa ɗauke ido daga kan yaron ba ko na ƙiftawa ɗaya.

Aka fara. Wani yaro a keke ya doki ƙwallo ta gangara ɗan taƙi kaɗan, aka yi ta ihu kamar ya jefa ta bayan gari. Malika ta doki tata, ta ruga, ta tsaya a tsakiyar hanya ta rungume yaron ɗaya ƙungiyar, sannan ta tuna da gudu take. Hajiya ta kalla, ta kalla, ta ce, "To wa ke ci?"

"Ba mai ci, Inna. Kullum kunnen doki ake tashi."

"Ikon Allah. Duk wannan ihun ba riba?" Ta gyara zama. "A gida da yaran nan suna ɗaka an saya musu labule." Ta daina jan carbin.

Abdoul-Aziz ne na ƙarshe a layi. Aka ɗora masa ƙwallonsa mai ƙara ƙit-ƙit a kan ɗan turke, ya karkata kai ya saurara, ya kai mata duka. Ta tashi ta wuce kan yaron da ke tsakiyar fili. Adizatu ta kama gwiwar hannunsa suka tafi, tasha ta ɗaya, ta biyu, yana jan ƙafar yana haki, har ta uku. Nan ta sake shi, ta taka zuwa gida.

Koci, wani dattijon Bature mai tumbi da jar fuska, ya karɓi lasifika. Ya ce yaron nan zai shigo gida shi kaɗai, da kunne zai zo, don haka yana roƙon kowa ya yi shiru. Aka kashe kiɗa. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan doki daga wata gona can nesa.

"Abdoul-Aziz!" Adizatu ta ƙwala. "Taho, ɗana! Nan, nan!"

Bai motsa ba.

Ta sake kira, ta tafa hannu. Ya tsaya ƙyam a kan tashar, hannayensa a dunƙule. A hankali ya juya fuskarsa, ba wajen Adizatu ba, wajen ƙarshen benci na sama.

Fourera ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta sauko, mutane na janye mata ƙafafu, Hajiya na biye da ita tana dafa kafaɗun Turawan da ba ta sani ba. Koci ya buɗe musu ƙyauren shingen waya. Adizatu ta matsa gefe, Fourera ta tsaya a bayan farin faifan da ake takawa in an iso gida.

"Kai," ta ce. "Taho mana. Ga ni nan."

Ya ji ta, don kafaɗunsa sun motsa. Amma bai ɗaga ƙafa ba. Ya yi magana da Hausa, ba da ƙarfi ba, yadda a duk filin mutum uku ne kawai suka gane.

"Akwai kai da yawa a filin nan, Mama. Wanne kike kira?"

Adizatu ta sunkuyar da kai. Hajiya ta yi gyaran murya ta gwada tata dabarar. "Mijina! Taho ga amaryarka, kada ka ba ni kunya a gaban Nasara!"

Ya yi ɗan murmushi, don yana son tsohuwar. Ya ci gaba da tsayuwa. Wani jariri ya fara kuka a benci, uwarsa ta toshe masa baki da nono na roba. Koci ya dubi Adizatu, alamar ko a je a kamo shi. In aka je aka kamo shi, za a yi tafi, za a ba shi lambar wuya kamar kowa, ya koma gida da amsar da ya ba Malika.

Fourera ta dube shi. Kallon da take yi masa ke nan tun yana cikin kwalabar asibiti, irin kallon da uwarta ke yi wa yayanta in ya shigo daga gona, ba magana, ba suna, amma duk gidan an san wane ne ɗan gaban goshi. Yayan nata yana ɗaga kai ya gani, ya wuce yana taƙama. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To shi wannan wace fuskar zai tambaya? Shekara da shekaru tana aika masa saƙo ta hanyar da ba ta zuwa wurinsa. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ya kama ta.

Ta juya ga surukarta. Yabon da za a kai Damagaram ya tafi ke nan, ta san da haka.

"Inna, ki gafarce ni, zan..."

"Wash!" Hajiya ta katse ta, ta sa ɗan yatsa a kunne tana girgizawa. "Kunnen nan nawa tun da na sauka daga jirgi yake toshewa. Ga shi ya sake. Yanzu ko ganga aka buga a nan ba zan ji ba." Ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta ruf, ta ɗaga kai tana kallon itatuwa kamar an aiko ta ƙirga su.

Fourera ta juyo. Ta fuskanci ɗanta.

"Abdoul-Aziz."

A shaƙe ya fito, ƙarami, kamar na mai tambayar hanya. Sunan ya yi mata nauyi a harshe. Yaron ya karkata kai, bai tabbata ba.

Sai ta cika ƙirji. Tana yarinya ta yi tallan ƙosai a tashar mota, ana jin ta daga wannan bakin titi zuwa wancan, kuma ashe muryar na nan inda ta ajiye ta.

"Abdoul-Aziz! Taho!"

Ya taho. Ba tafiya ba, gudu, irin nasa, ƙafar dama na gaba ta hagu na biyo ta a makare, hannaye a buɗe, hula ta faɗi bai kula ba. Ya fara karkata wajen shinge.

"Abdoul-Aziz, dama! Nan nake!"

Ya gyara. A tsakiyar hanya ƙafar ta harɗe shi ya kife. Mutane suka ja numfashi gaba ɗaya, Adizatu ta zabura, Fourera ta tare ta da hannu ba tare da ta dube ta ba.

"Tashi, Abdoul-Aziz. Tashi, ɗana. Saura kaɗan."

Ya dafa ƙasa ya tashi. Yana dariya. Wallahi dariya yake, baki har kunne, gwiwa a ƙuje. Ta ci gaba da kira, sunan na fita yanzu ba wuya, har takalminsa ya sauka a kan faifan, ya ji shi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya sake take shi da ƙarfi don kowa ya shaida. Sannan ya faɗa jikinta. Ta riƙe shi a gaban duk mutanen nan, ba ta saki ba.

Filin ya fashe. Koci na share ido da hula, uwar Malika na tsalle tana ihun sunan ɗan wata. Sai ga wata ƙara ta keta duk hayaniyar, siririya, doguwa, har Turawa suka waiwaya a firgice. Hajiya Sa'adiya ce ta kama hanci tana rangaɗa guɗa. Malika ta tsaya ta kalle ta, ta kama nata hancin ta gwada, yaran ƙungiyoyin biyu suka ɗauka, filin besbol ya koma gidan biki.

"Hajiya," in ji Adizatu tana haki don dariya, "kunnen ya buɗe ke nan?"

"Me kika ce?" in ji Hajiya. "Ɗaga murya, 'yar nan. Ni da ido na gani."

Malika ta zo ta ja rigar Abdoul-Aziz. "Ashe ta sani," ta ce da Turanci.

"Na faɗa miki ta sani," ya ce.

Da aka watse suka koma mota, lambar wasa na lilo a wuyansa. Adizatu ta riga ta tura wa Seydou bidiyon, shi kuma ya bugo yana ta magana ba a gane abin da yake faɗa, sai hanci da yake ja a gefen titin Virginia. Fourera ta tada mota. Yanzu da jikinta ya yi sanyi, kunya ta dawo mata sabuwa, ta kasa haɗa ido da surukarta.

Sun ɗan yi nisa, gonakin dawaki na wucewa ta taga, sai murya ta fito daga baya.

"Mama, sake faɗa."

Fourera ta saci kallon kujerar gefe. Hajiya na kallon waje, carbi a hannu, mayafi har yanzu a kan kunnuwa.

"Bai buɗe ba fa," in ji tsohuwar, kamar da gilashin taga take magana. "Yadda nake jin sa, sai na koma Damagaram."

Fourera ta dubi madubi. Yana zaune a tsakiya, ya miƙo wuya gaba, ya juyo mata da kunnensa na dama.

"Abdoul-Aziz."

"Na'am, Mama."

"Koma ka zauna daidai, ka ɗaura bel."